Bargon da Ya Mai da Ni Mai Asiri

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, yanzu har inda na ajiye tabarau sai an taya ni nema, amma akwai shekara guda da ko tsufa ya gama cinye mini hankali ba na jin zai iya taɓa ta. Ita ce shekarar da ni, wadda ko kaza ban iya yankawa ba, na zama shahararriyar mai asiri da ake ba da labarinta daga Kaura Namoda zuwa Zurmi har Shinkafi. Kuma duk a kan bargo.

Ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Ana yaye ni aka kai ni Zurmi wurin kakata, wadda ta haifi Inna, a can na girma. Sai da tsohuwar ta rasu aka dawo da ni gidanmu na Kaura ina 'yar shekara goma sha huɗu. Inna kuwa mace ce mai kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, ba ragi ba sassauci. Ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido cikin ido, in aka yabe ni a gabanta tashi take ta ba da wuri. Idan tana son in yi wani aiki, da bango take magana. Sai ka ji ta ce, "A ce ma ɗiyat tsohuwa ta kwashe tuwo," alhali daga ni sai ita a tsakar gidan. Ƙannena su hau cinyarta, su yi mata shagwaɓa, ta kira kowa da sunansa har da na wasa. Kowa ya ce mini al'ada ce, ni ma na san al'ada ce, amma sanin bai hana abin ci mini rai ba. Abu ɗaya nake so a duniya a lokacin, in ga ranar da Inna za ta nuna, ko da sau ɗaya, cewa ni tata ce.

Na gama sakandare ina zaman jiran sakamako a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau, jihar tamu ma ba ta daɗe da rabuwa da Sakkwato ba. Gari ya ɗauki wani sabon zumuɗi. Teloli ba su da aiki sai ɗinkin hijabi, kowane shago kaset ɗin wa'azi ne ke tashi, rabin wa'azin kuma a kan bokaye ne da matan da ke bin su. Ni dai ba ruwana da wannan, abin da ya dame ni zaman banza ne, shi ya sa kunnena ya yi tsini. Wata rana na ji Inna tana gaya wa maƙwabciyarmu cewa sanyin ƙafa ya matsa mata, kuma tun da tsohuwa ta rasu dangi suka watse, ba a haɗuwa sai biki ko mutuwa. Nan take na tuna wani bargo da malamar ɗinki ta taɓa nuna mana a makaranta, wanda aka haɗa da ƙananan ƙyallaye kala-kala. Na ce a raina, to me zai hana in ɗinka wa Inna irinsa, amma kowane ƙyalle ya fito daga tufafin wani ɗan'uwanta? Ta lulluɓa da danginta kaf a dare ɗaya. In wannan bai sa ta dube ni ba, to babu abin da zai sa. Ranar don murna har tuwo na ƙona.

Wadda na fara gaya wa ita ce taubashiyata, 'yar Kawu, yayan Inna da ke Shinkafi. Ta girme ni da shekara ɗaya, an yi mata aure a Kaura kusa da tashar jirgi, kuma cikin kayan ɗakinta akwai keken ɗinki da ba ta san abin da za ta yi da shi ba sai ɗora kwanuka. Tana jin shirin ta kwashe da dariya har da buga cinya. Ta ce, "Ke dai Allah shi shirye ki. Ke zo da hauka, ni ko ga keke. Mu tahi!" Muka yanki kwalin sukari daidai faɗin tafin hannu, mai kusurwa huɗu, muka ce shi ne ma'auni, kowane ƙyalle sai ya zo daidai da shi. Na fara da zannuwan kakata guda uku da aka ba ni bayan rasuwarta, waɗannan ba sai na tambayi kowa ba.

Wallahi da niyyar roƙo na fara, ba da niyyar sata ba. Na je Zurmi wurin yayar Inna, wadda muke kira Inna Babba, na durƙusa na gaishe ta, na ce ina son ta ba ni ɗan ƙyalle daga wani tsohon zanenta. Ta ajiye tsintsiya ta dube ni sama da ƙasa. "Mi za ki yi da ƙyallen zanena?" To, a nan na maƙale. Inna Babba mace ce mai kirki, amma duk maganar da ta shiga kunnenta da hantsi, kafin azahar ta kai Jangeru. In na gaya mata, na gaya wa Inna ke nan. Sai na ce, "Ba komai, ina dai so ne." Ta ce, "Ba komi? Ɗiyag ga, ba a ba da tuhwan da anka yi zuhwa cikinsu. Wa yak koya miki wanga?" Na yi dariya na ce wasa nake. Ni da na tashi a hannun tsohuwa na san sarai cewa mutanenmu suna tsoron ƙyallen tufafinsu ya faɗa hannun wani, don da shi ake cewa ana yi wa mutum sammu. Na sani, amma zumuɗi ya rufe mini ido. Kafin in bar gidan, zanen Inna Babba da ke kan igiyar shanya ya rasa faɗin tafin hannu guda.

Daga ranar na zama mai son zumunci. Ni da ake fama da ni kafin in je gaisuwa, sai ga shi babu sunan da ke wuce ni, babu bikin da ba a ganina, har dubiya nake zuwa ta mutanen da ciwon kai kawai suke yi. Tsofaffi suna ta sa mini albarka, suna cewa yarinyar nan ta ɗauko halin kakarta. Ba su san cewa a cikin sabon hijabina akwai reza da kwalin sukari ba. Dabarata ɗaya ce: daga gefen zanen da ake cusawa ciki in an ɗaura nake yanka, inda mai shi ba za ta lura da wuri ba. Na ɗora kwali, na ja reza sau biyu, na cusa a jaka, na fito ina tambayar ko akwai wanke-wanken da zan taya. Daɗin da nake ji kuwa ba ya misaltuwa. Da na dawo Kaura sai in rubuta sunan mai ƙyallen a 'yar takarda in maƙala da fil, don in jera su bisa girma, manya a tsakiya, yara a gefe. Taubashiyata takan ɗaga ƙyalle ta ce, "Ki dai riƙa tuna zamanin da muke ciki. Hannunki na dama kika yanka da shi, ko?" Mu yi ta dariya har maƙwabta su leƙo.

Ita ce ma ta kawo maganar rawanin babanta. Kawu ɗan kasuwar hatsi ne, da can hula kawai yake sawa, amma tun da Shari'a ta zo ya sayi farin rawani, ya koma sahun gaba a masallacin unguwa, tafiyarsa ma ta canza. Ta ce bargon dangi ba zai cika ba sai da rawanin nan. Muka shirya muka tafi Shinkafi tare da sunan ta yi kewar gida. Bayan azahar Kawu ya kwance rawani ya rataye a jikin rumfa, ya kishingiɗa a tabarma, nan da nan sai minshari. Ita ta shiga ɗaki ta riƙe mahaifiyarta da hira, ni kuma na cire takalmi na lallaɓa. Ina cikin jan reza a jelar rawanin sai minsharin ya tsaya. Na daskare a tsugune, kwali a hannu ɗaya, reza a ɗayan, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. Kawu ya kori ƙuda daga hancinsa, ya juya, ya ci gaba. Da la'asar muna kallo ya naɗa abinsa, ya ja jelar ya ga ba ta kwanta yadda ya saba ba, ya yi tsaki ya ce yadin zamani ba shi da albarka. Taubashiyata ta cusa bakin gyale a baki, hawaye na zuba, ni kuwa na ruga bayan gida don kada in fashe.

Ɗinkin kansa shi ne mafi daɗin kwanakin. Kullum bayan na gama aikin gida sai in ce zan je taya amarya hira. Mu shimfiɗa tabarma mu jera ƙyallaye, ga atamfa, ga shadda, ga leshi, ga saƙin kakata mai baƙi da fari. Mu haɗa biyu-biyu, sannan layi-layi, keken yana ta ƙara, zare yana tsinkewa muna zaginsa. Sau nawa muka ɗinka layi a juye muka farke, ban iya ƙirgawa ba. Muka samo wani tsohon bargo muka sa a tsakiya don nauyi, muka yi masa bayan farin yadi, sannan na bi shi da allura da hannu, ɗinki ƙanana-ƙanana, har yatsuna suka yi kanta. Duk layin da na gama sai in tsaya in hango fuskar Inna, in ce yau kam sai ta yi magana.

Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne ma'aunin nan namu. A wani taron suna a Zurmi, wata matar dangi ta kwance zane za ta gyara ɗauri, ta kusa da ita ta hango giɓin ta ce, "Ke ma?" Kafin a raba goro an fito da zannuwa bakwai an ɗora giɓi kan giɓi, duk girmansu ɗaya, ko zare bai fi ba. Aka ce Inna Babba ta dafa ƙirji ta ce, "Ɓera ba shi yanka da kusurwa huɗu. Wanga aikin mutum na!" Labari ya kai Shinkafi, Kawu ya warware rawaninsa ya duba, sai salati. Daga nan duk abin da ya sami wani a dangi, giɓin nan ne. Wadda ke ciwon kai tun kafin a haife ni ta gano dalilin ciwonta. Wanda akuyarsa ta ci leda ta mutu ya ce dama ya ji a jikinsa. Aka shiga shan rubutu da turara gidaje, mata suka koma shanya a cikin ɗaki.

Ni da kunnena na ji labarin kaina. Lokacin an fito da motocin haya na mata zalla, na shiga ɗaya daga Zurmi zuwa Kaura, jakar ƙyallaye a kan cinyata. Wata mata da ban sani ba ta buɗe hira, ta ce ai wata annoba ta shigo, ana bin gidaje ana yanke wa mutane tufafi. Ta bayanta ta ce, "Awo, mun ji. Cewa anka yi wata doguwar mata ta, daga Nijar taz zo, ba a ganin sawunta." Wata ta ce ba mace ba ce, aljani ne, don an gan shi ya shige bango a Galadi. Ni da ko Galadi ban taɓa zuwa ba! Ta kusa da ni ta taɓa ni ta ce, "Ɗiyata, ki riƙa addu'a, ku 'yan mata ku a abin nema." Na ce, "To, Allah shi tsare." Na ƙanƙame jakata ina cizon leɓe. Da na isa gidan taubashiyata na ba ta labari, sai da ta kwanta a ƙasa tana riƙe ciki.

Dariyar ba ta yi nisa ba. Inna Babba ta zauna ta yi tunani, ta tuna wadda ta taɓa durƙusawa a gabanta tana roƙon ƙyalle. Aka bi gidajen da abin ya faru, aka ga babu inda ban je ba. Kuma da yake ba wanda zai yarda yarinya kamata ta san hanyar boka ita kaɗai, sai maganar ta tsallake ni ta faɗa kan Inna. Aka ce ita ke aike na, wai tana son ta mallake dangi tun da tsohuwa ba ta raye. Masu aiko yara sayen ƙuli-ƙulinta suka ɗauke ƙafa. Wata ranar Laraba ta aika da kwanon tuwo gidan wata 'yar'uwarta da ta haihu a nan Kaura, aka dawo da shi a rufe yadda ya tafi, ko miyar ba a taɓa ba. Ina tsaye a bakin madafa na ga ta buɗe kwanon, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta rufe ta ajiye. Ko dubana ba ta yi ba. Ranar na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Taubashiyata ta ce in ɗauki bargon haka nan in kai, a huta. Na ce saura kalmasar gefe, kwana biyu kawai. Gaskiyar da ban gaya mata ba ita ce, har da wani taurin kai na yarinta. Ina so in ga ko Inna za ta kira ni ta tambaye ni, ko da da faɗa ne, ko da da mari. Ta ji duk abin da ake faɗa a kaina, amma ta ci gaba da magana da bango kamar kullum. Na ce a raina, shi ke nan, ko a jikinta.

Ba a ba ni kwana biyun ba. Ranar Juma'a da hantsi, washegarin kasuwar Shinkafi, mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. Kawu ne a gaba da rawaninsa mai giɓi, Inna Babba a bayansa da ƙullin zannuwa a ka, sai mata biyar ko shida na dangi, kowace fuska a murtuke. Babanmu direban babbar mota ne, yana kan hanyar kudu, don haka Kawu ne babba a gidan ranar. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka baje zannuwan, kowane da giɓinsa yana kallon sama. Aka ce a fito da akwatina. Inna Babba ta zazzage shi da kanta, sai ga reza, ga kwalin sukari, ga ragowar ƙyallayen da ban yi amfani da su ba, kowane da sunan mai shi maƙale da fil. Ta ɗaga ɗaya ta miƙa wa Kawu ya karanta, sunan matarsa ne. Wuri ya kaure da salati. Wata ta ce, "Har da sunaye! Mi ar rage kuma?" Ko ni da na san gaskiya, da na kalli kayan nan a kan tabarma sai da na ji tsoron kaina.

Kawu ya tambaye ni sau uku wa ya aike ni, kuma ina sauran ƙyallayen. Ni kuwa na fashe da kuka. Sai ya juya wurin Inna, wadda ke zaune can gefe a bakin ɗakinta, kanta a sunkuye. Ya ce, "To, ke kin ji, kin gani. Mi kika cewa?" Kowa a wurin ya san amsar da ta dace da uwa a kan ɗan fari. Za ta ce ɗiyarku ce, ku yi mata duk hukuncin da kuka ga dama, ba ruwana. Da ta faɗi haka ma ta wanke kanta daga zargin da ake yi mata. Ni ma abin da nake jira ke nan, har na runtse ido.

Sai na ji motsi. Inna ta taso ta zo tsakiyar tabarma, ta sunkuya ta ɗauki rezar. Ta kamo bakin zanen da ke jikinta, ba gefen ɓoye ba, na gaba inda kowa ke gani, ta yanko ƙyalle ta ɗora a kan sauran. Ta ce, "Ku ƙara da wanga. In asiri na, shi hwara ta kaina. Ni ban san abin da takai da su ba, ban tambaye ta ba. Amma ni na haihe ta, na ko san abin da na haihwa."

Inna Babba ta saki baki, don tun da take ba ta taɓa jin ƙanwarta ta haɗa kanta da ni a magana ba. Ni kuwa kukan da nake yi ya canza, ya zama wani iri da ban san sunansa ba. Da ƙyar na iya cewa, "Kawu, a bar ni in ɗauko su. Suna gidan ɗiyarka." Kawu ya zabura ya ce, "Gidan wa?"

Inna Babba ce ta raka ni, ta riƙe mini wuyan hannu gam kamar an kama ɓarauniya a kasuwa, muka ratsa unguwa mutane na kallo. Muka dawo mu uku, taubashiyata a gaba da bargon naɗe a ka, tana tafe tana rangwaɗa kamar mai kai kayan gara. Ta gaida babanta a ladabce, sannan muka kama gefe-gefe muka baje shi a tsakar gida, allura da zare na nan rataye a inda na tsaya. Na ce, kaina a ƙasa, "Na Inna ne. Don sanyin ƙafa. Na so ta lulluɓa da ku duka."

Sai mai ciwon kan nan ta matso ta nuna da yatsa ta ce, "La! Ga leshina na bikin autana!" Shi ke nan aka ɓarke. Mata suka zube a gwiwa suna rarrafe a kan bargo, kowa na neman nata, ana ihu ana tafawa. Wata ta ce ita ba ta yarda ba, don me aka kai ta can gefe kusa da yara. Wata da ba a yanki nata ba ta fara fushi, wai ita ba dangi ba ce da aka tsallake ta? Inna Babba, wadda ta jawo ni kamar akuya ɗazu, ta sami zanenta kusa da tsakiya ta ce, "Yarinyag ga ta san manya." Taubashiyata ta ce, "Baba, diba nan," ta nuna masa farin ƙyalle a tsakiyar bargon sosai. Kawu ya duba, ya shafa jelar rawaninsa, ya yi ƙoƙarin haɗe fuska, gemunsa ya fara rawa, sai dariya ta ƙwace masa har rawanin ya karkace. Ya ce, "Wata ukku ina shan rubutu saboda ku, 'yan banza!"

A cikin wannan hayaniya na saci kallon Inna. Ta durƙusa a gefe ɗaya, ta ɗora tafin hannunta a kan saƙin nan mai baƙi da fari na mahaifiyarta, tana shafawa a hankali. Ta daɗe a haka. Sannan ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi ta shige ɗaki.

Ban tsira haka kawai ba. Bayan an natsu Kawu ya yi mini faɗa sosai, ya ce kyakkyawar niyya ba ta halatta taɓa kayan mutane, kuma na jawo wa mahaifiyata zargin da ba ta ji ba ba ta gani ba. Ya yi gaskiya. Hukuncina shi ne in bi gida-gida in nemi gafara, in kuma cike kowane giɓi da hannuna, abin da ya ɗauke ni har bayan girbin gero. Su ma matan, kafin su hau mota, sai da suka shiga ɗaki ɗaya bayan ɗaya suka ba Inna haƙuri. Ƙyallen da ta yanka daga jikinta na ɗinke shi a bargon a ranar, kusa da na tsohuwa.

Kada ku ɗauka daga nan Inna ta canza. Ba ta ce mini na gode ba, ba ta fara kiran sunana ba, har ta koma ga Allah tana kunyata. Bargon dai ba ta yarda kowa ya taɓa shi, kuma zanen nan mai giɓi a gaba ta hana a cike shi, haka ta riƙa ɗaura shi tana shiga taro. Amma ni ban sake jiran wata magana daga bakinta ba. Abin da ranar ta koya mini shi ne, kada in auna son mutum da yawan faɗarsa, kuma kada in tsaya gwada wanda ke sona har in ja masa wahala. Na yi wata da watanni ina sata, ina ɗinki, ina huda yatsuna don in sa Inna ta ce ni tata ce, ashe ba ta buƙatar bargon. Lokacin da ta tsaya mini ba ta gan shi ba, ba ta ma san da shi ba. Reza kawai ta gani, da sunayen mutane, da duk danginta a gefe guda, kuma ta zaɓe ni.